Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Za Ka Kare Ƙasan Kujerar Keken Lema Daga Tsakuwa da Kututture

Mu da ke wannan wasa a Kaduna ba mu da yawa, shi ya sa duk wanda ya shigo sabo tambayoyin nan dai su yake maimaitawa, yawanci kuma bayan kujerarshi ta riga ta yage. Na gaji da bayani a tsaye cikin iska ana ƙura na shiga baki, shi ne na ce bari in tara su waje ɗaya.

Wai shi keken leman nan mene ne ma?

Ɗan keke ne mai taya uku, ɗaya a gaba biyu a baya, ba inji ba feda. Kana zaune can ƙasa-ƙasa, ƙafafunka ne ke juya tayar gaba, hannunka kuma na riƙe da igiyoyin wata ƙatuwar lema da ke sama, iska ta ja lema, lema ta ja ka. Wasu na ce mata kait, keken kuma bagi. Abun ya daɗe, tun 1826 wani malamin makaranta a Bristol ta Ingila, George Pocock, ya yi rajistar karusar da lema ke ja. Amma irin wannan na yanzu mai taya uku, Peter Lynn ɗan ƙasar New Zealand ne ya fito da shi wajen 1990.

Abun da ya shafe mu a nan shi ne kujerar. Ba katako ba ce ba kuma ƙarfe ba, yadi ne mai kauri, yawanci nailan irin su Cordura, an rataye shi da bel-bel a jikin sandunan gefe kaman majanyi. Wato tsakanin mazaunanka da ƙasa yadi ne kawai da 'yar tazara.

Me ya sa ƙasan kujera ke saurin lalacewa alhali sauran keken lafiya lau?

Hanya biyu ne duka ke zuwa, kuma in ba ka raba su a kanka ba za ka yi ta kashe kuɗi a banza. Na farko jifa: tayar gaba tana daidai saitin kujera, duk tsakuwar da ta maƙale mata sai ta cillo ta baya kuma sama, da irin gudun da kake yi, in kana kan kilomita 40 a awa wajen mita 11 kenan duk daƙiƙa. Kuma ƙarfin jifan ba daidai da gudu yake hawa ba, in ka ninka gudu biyu ƙarfin sau huɗu yake zama. Na biyu kuma gurza da suka, wato abun da ke tsaye a ƙasa wanda tayar gaba ta kauce ma, na baya biyu suka saka shi a tsakiya, sai ya bi ta ƙarƙashinka.

Masu ƙera kekunan nan da bakin teku suka yi lissafi, irin su Sankt Peter-Ording a Jamus da tsibirin Fanø a Denmark, inda rairayi ke shimfiɗe sumul, ko busasshen tafkin Ivanpah a Amurka inda aka wuce kilomita 130 a awa. A bakin tekun damuwarsu feshin ruwan gishiri da jiƙaƙƙen yashi ne. Mu nan labari daban.

Wane irin tarkace ne ya fi yi mana ɓarna a nan Kaduna?

Lokacin da muke samun iska mai kyau hunturu ne, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar na zuwa ta arewa maso gabas. Matsalar ita ce daidai lokacin ne aka gama girbi. Duk filin da ka gani fetal ta wajen Rigachikun ko Maraban Jos, to wataƙila gona ce wata biyu da suka wuce, kuma kututturen masara da na dawa suna nan. Mai yanka da adda a karkace yake sara, sai tushiyar ta zama kaman tsinin mashi, in aka bi da wuta aka ƙone ciyawa kuma sai ta yi baƙi ta saje da ƙasa ba ka ganinta sai ka ji ta. Ni dai wannan na fi tsoro. Shi ne ya huda kujerata ta farko, ya yaga wandona, da ya matsa ɗan yatsa biyu da wani zance ake.

Bayan shi sai tsakuwar marmara, jar nan mai kaifi da ke cin yadi a hankali kaman samfefa. Sai ƙananan suri da gara ke ginawa cikin ciyawa, da sawun shanu a fadama wanda in ya bushe ya zama kaman siminti. Filayen ƙwallo na cikin gari kuma fasassun kwalabe ne da gwangwani da guntun waya. Yashin bakin kogin Kaduna da rani ya fi sauƙi, sai dai akwai duwatsu da suka leƙo da itacen da ruwa ya bari.

To ba sai in ja bel in ɗaga kujerar sama ba kawai?

Za ka iya, amma kaɗan. An saukar da kujerar ne da gangan saboda lema gefe take janka, in nauyinka na ƙasa keken zamewa zai yi, in yana sama kuwa kifewa zai yi ko a zare ka daga ciki. Ɗaga santimita biyu ko uku ba laifi. Ka auna tazarar kana zaune a ciki, ba keken na wofi ba, ka sa wani ya leƙa maka, don yadi na lotsawa sosai in an zauna, kuma yana ƙara saki in ya kwana biyu. Ɗagawar ma ba ta maganin jifan tayar gaba ko kaɗan, wannan sai ka duba amsar madigad a ƙasa.

Tampol ya isa? Na ga wasu da shi suke liƙawa.

Ya isa ga jifa da gurza, bai isa ga suka ba. Tampol mai kauri irin na tirela, wanda yake da zare a ciki da roba a waje, yana tare tsakuwa da laka sosai, ba nauyi, kuma duk mai ɗinkin rumfar Keke Napep zai ɗinka maka. Kar dai ka bari a ba ka shuɗin ledar nan da ake shanya hatsi a kai, rana ɗaya za ta yi. Kuma kar a ɗinke shi da kujerar, a yi mishi nashi bel ɗin ya zama kaman zani na biyu, ranar da ya mutu ka kwance ka yar.

Ran da na kai nawa, dattijon da ke ɗinkin ya juya kujerar ya duba ya ce, "Yaro, wannan majanyin wa zai goya?" Na ce Baba ni zai goya. Ya yi dariya har da tari, sannan ya nuna min abun da ban lura ba, ya ce duk ɗinkin da ya kalli ƙasa shi zai fara cinyewa, don haka ya naɗe bakin zuwa sama yadda zaren ba zai taɓa tsakuwa ba. Gaskiyarshi kuwa. Amma in filinka akwai kututture, tampol hudawa zai yi, sai ka duba amsar duro a ƙasa.

Ana ta maganar shuɗin duro, da gaske yana aiki ko dai rowa ce?

Wallahi ba rowa ba ce, duk abun da na gwada shi ya fi. Shuɗin duron roba mai lita 200 da ake tara ruwa a ciki, da irin robar da ake kira HDPE aka yi shi, in ka duba gindinshi sau da yawa za ka ga lamba 2 cikin alama mai kusurwa uku. Halin robar nan guda uku ne suka dace da mu: ba ta fashewa in an doke ta sai dai ta lotsa ta dawo, tana da santsi saboda haka kututture zamewa yake yi maimakon ya kama, sannan duron da ma a lanƙwashe yake kaman an auna shi da mazaunin mutum. Ga rashin nauyi, yanki mai faɗin santimita 50 da tsawon 70, in kaurinshi milimita 3 ne, wajen kilo ɗaya ne kacal. Duro ɗaya tsayinshi wajen santimita 90 ne, zagayenshi kuma wajen 180, zai ba ku garkuwa uku, wato yankin robar da za a ɗaure a ƙarƙashin kujera, ku haɗa kuɗi.

A Panteka za ka samu, ba sai sabo ba, wanda ya tsage a gindi ma ya fi araha tunda ba ruwa za ka zuba ba. Abu ɗaya dai, ka tambayi mai kayan me aka zuba a ciki da, don da yawansu kemikal suka ɗauko. In ya ce bai sani ba kuma ka sansana ka ji wari mai hawa kai, bar shi. Wanda ka ɗauka ka wanke shi sosai da omo kafin zarto ya taɓa shi. Jarka mai lita 25 ma irin robar ce amma ta yi ƙarama ta yi siriri, sai dai a yi madigad da ita.

Abun da ba zan ba ka shawara ba shi ne robar bokiti ko ta kujerar biki, da farar robar nan mai kama da gilashi da ake allon talla da ita. Waɗannan in sun ji duka tarwatsewa suke yi su bar tsini, ka ga ka je neman kariya ka dasa wuƙa a ƙarƙashinka.

Yaya zan yanka shi in ɗaura?

Ka fara da kwali. Ka zauna cikin keken, abokinka ya kwanta ya kara kwalin a ƙasa ya zana inda kujerar ta lotsa, ya ƙara kaman tafin hannu a gaba da ɗan yatsa uku a kowane gefe. Sai ku ɗora kwalin a jikin duro yadda lanƙwasar za ta tafi gefe da gefe kaman kwalekwale, ku zana da maka, ku yanka da zarto. Kowace kusurwa a zagaye ta, a bi bakin da magagari sannan samfefa har sai ka shafa da bayan hannu ba ka ji kaifi ba. Kar ka yi kasalar wannan, bakin roba mai kaifi shi ma cin yadi yake yi.

Wurin da mutane suka fi kuskure shi ne gaba. Dole leɓen gaba ya ɗaga sama kaman hancin kwalekwale, in ya kalli ƙasa to shebur ka ƙera, zai dinga kwasar ƙasa, ranar da ya caki suri kuma keken zai tsaya cak kai ka wuce. Tunda robar ta riga ta lanƙwashe ta gefe ba za ta yarda ta tanƙwaru ta gaba cikin sauƙi ba, sai ka ɗan tsaga gefe biyu na leɓen, ka ɗumama layin. Robar tana narkewa wajen digiri 130, saboda haka ba wuta kai tsaye ba, mu tafasasshen ruwa muka dinga kwarara mata muka danne da katako, in akwai na'urar hura zafi ta fi. In ka ga ta fara sheƙi tana naso ka wuce gona da iri. Ka riƙe ta a haka har ta huce, in ka saki da zafi komawa take.

Ɗaurewa kuma da bel, ba da bol da noti ba. Tsohon bel ɗin mota na wajen 'yan gwangwan ya isa. Ka huda ramuka biyu ka haɗe su su zama tsaga mai zagayayyen baki, nesa da baki kaman santimita 3, ka zura bel ka ɗaure a sandunan gefe, biyu kowane ɓangare, ɗaya a gaba jikin sandar da ta tafi tayar gaba, ɗaya ko biyu a baya jikin sandar tayoyi. Dalili shi ne bel na barin garkuwar ta ɗan motsa ta sha dukan, noti kuwa kai tsaye yake miƙa dukan ga ƙarfen keke, ga shi kuma huda sandar keke rage mata ƙarfi ne. In dole sai ka sa noti a wani wuri, kan mai santsi ya kalli kujera, da wosha mai faɗi, kar tsinin bol ya taɓa kallon jikinka. Gam kuma kar ka ɓata kuɗinka, ba ya kama wannan robar. 'Yan robobin ɗaure waya su ma rana ke busar da su su karye, na wucin gadi ne.

Me zai hana in sa mai walda ya yi min na ƙarfe in huta gaba ɗaya?

Ni ma haka na ce. Na kai wa wani mai walda, ya yi min farantin ƙarfe ya ce ko tirela ta taka ba abun da zai same shi, kuma bai yi ƙarya ba, farantin bai ji komai ba, ni ne na ji. Duk dutsen da muka haɗu da shi sai ya taho har ƙashin bayana, ga ƙara kaman ana jan kwanon rufi, ga nauyi. Ranar da ya lotsa kuma a lotse ya zauna, da ƙusumbi daidai inda nake zama. Alminiyam ya fi sauƙi, amma mai kaurin milimita 2 a girman da na faɗa a amsar duro ya kusa kilo biyu, shi ma in ya lotsa ba ya dawowa, in ya yage kuma bakinshi reza ne. Kekunan tsere na Turai wasunsu na da ƙasa mai tauri, amma tun daga zane aka yi su haka.

Soso fa, in sa tsakanin garkuwa da kujera?

Ka sa, amma ba soson katifa ba. Na katifa shan ruwa da ƙura yake yi kuma in ka zauna ya zama fanke. Nemi roba mai laushi irin ta silifas, ko tabarmar motsa jiki, kauri santimita ɗaya zuwa biyu. Garkuwa na hana huda, soson kuma shi ke rage dukan da zai kai ga ɗan ƙashin nan na ƙarshen gadon baya, wanda in ya bugu sai ka yi makonni zaman tahiya ma na ba ka wuya. Ni na fi so in sa shi a cikin kujera ta sama, saboda duk abun da ka cusa a ƙasa tazara yake ci, ka tuna abun da muka ce a amsar ɗaga kujera.

Madigad a tayar gaba yana da amfani ko ado ne?

Rabin aikin kenan. Tunda jifan daga tayar gaba yake fitowa, gara ka tare shi a tushe. Yanki daga jarka ko ragowar duro, a ɗaure shi jikin cokalin tayar, wato ƙarfen da ke riƙe da ita, yadda zai juya tare da ita, ya sauko ta baya sosai, don tsakuwar daga ƙasa-ƙasa take tashi. Ka bar tazarar ɗan yatsa biyu tsakaninshi da taya saboda laka, ka kuma juya tayar ƙarshe zuwa ƙarshe ka tabbatar bai taɓa dugaduganka ko matakin ƙafa ba.

Ita ma tayar da kanta akwai magana. Ƙananan kekunan nan tayar baro suke amfani da ita mai lamba 4.00-8, kuma lambar tayar Keke Napep kenan, shi ya sa wasu ke sakawa tunda tana ko'ina kuma ƙaya ba ta huda ta da wuri. A baya ba laifi. A gaba kuwa zanenta mai zurfi ne, tsakuwa take ɗauka ta yi ta harbinka, mai layi-layi ko wadda ta ɗan side ta fi. Rage iska kaɗan ma na taimakawa.

Ƙasa na taruwa tsakanin garkuwar da kujera, ya zan yi?

Wannan shi ne aibin garkuwa, kuma in ka ƙyale shi sai yashin da ya maƙale ya ci kujerar fiye da da. Ka bar bayan a buɗe yana ɗan kallon ƙasa don abun da ya shiga ya fita, ka huda ramuka uku ko huɗu masu faɗin santimita ɗaya a inda ya fi zurfi amma can baya-baya, ba daidai inda kututture ke doka ba. In an tashi, sassauta bel ɗin baya ka kaɗe. Da damina kuma ka wanke ka shanya a inuwa, nailan ba ya son doguwar rana. Ko da yake ni iskar hadari ta Afrilu da Mayu ba na fita cikinta, zuwa take da fizga ga tsawa, kai kuma kana riƙe da igiya mai tsawon mita 20 ko fiye a sama.

Tawa ta riga ta yage, in yar ko a gyara?

Ya danganta da inda ta yage. In a tsakiyar yadi ne, faci biyu, ciki da waje, kowanne ya wuce yagar da santimita 5, a zagaye kusurwoyin, a ɗinka da zaren nailan mai kauri, ba na auduga ba. Kafin nan a ɗan ƙona bakin yagar da ashana don kar ta ci gaba da warwarewa. Mai ɗinkin kujerar mota ko mai gyaran takalmi zai iya. In kuwa bel ɗin da ke ɗauke da nauyinka ne ya ci ko da rabi, ba faci, a canza shi dungurungum, don in ya tsinke kana gudu mazaunanka ne za su zama birki.

In na sa duk wannan, zan iya shiga kowane fili kenan?

A'a ɗan'uwa. Garkuwa tana maganin tsakuwa da kututturen da ka kuskure, ba ta maganin rami ko suri mai tsayin gwiwa. Mu kafin a buɗe lema sai mun taka filin da ƙafa, tafiya da dawowa, da buhu a hannu ana tsince kwalba da waya, kututturen da ke kan layi a tuge shi, suri kuma a kafa mishi sanda da leda ja. In gonar wani ce a nemi izini, sau da yawa in ka yi sallama ka ce Baba ga abun da ya kawo mu, shi da kanshi zai nuna maka inda tsohuwar rijiya take. Ka nisanci manyan wayoyin lantarki, musamman ta wajen Mando inda suka yi yawa, da duk inda ya kusanci filin jirgi ko barikin soja. Hular kwano da takalmi rufaffe kuma ba a tattauna su.

Duk fita ka kifa keken ka duba kafin ka zauna: bel ɗin gaba bai saki ba, leɓen na nan a ɗage, ba tsaga da ta taso daga ramin bel. Karce a jikin robar ba komai ba ne, aikinta kenan. In ta fara fari-fari tana gari in ka kankara da farce, ko ka danna da babban yatsa ka ji ta yi laushi a tsakiya, to rana da marmara sun gama da ita, ɗauko yanki na biyu daga duron.